Jinin Aro a Tamale

Alhaji Jaɓɓi ya ci amanata, kuma ban yafe ba. Ya daɗe da rasuwa, an ce mini jana'izarsa ta cika unguwar Sabonjida, na yi masa addu'ar da ake yi wa kowane Musulmi, amma yafiya daban take. Mutumin garinmu ne. Zanen Gobir da ke kumatuna shi ne a nasa, kuma da bakinsa ya riƙa kirana 'yar'uwa a gaban baƙinsa. Ranar da likita ya ce 'yan'uwa su zo su ba da jini, ranar ya tuna ba cikinmu ɗaya ba.

Sunana Kulu. Sai da na yi furfura na shiga ajin manya na koyi riƙon alƙalami, saboda haka in rubutun ya karkace laifin hannu ne. Maganar a miƙe take.

Abin da ya fitar da ni daga ƙasarmu ƙullutu ne a wuya, ɓarin hagu, ƙarƙashin muƙamuƙi. Ya faro kamar gujiya, ya yi shekaru yana tafiya a hankali har ya kai ƙwan agwagwa. Ba ya ciwo. Abin tsoronsa bugawa yake yi. In na ɗora yatsa sai in ji kamar wata zuciya aka dasa mini a can, in kuma na kwanta ta wannan ɓarin sai in riƙa jin shuu, shuu a kunne kamar ana sheƙar gero a bayan ɗaki. Yana turuwa gefe da gefe, amma sama da ƙasa ko motsi ba ya yi. Mutane suka ce maƙoƙo ne. Na san maƙoƙo, gwaggona ta mutu da nata, a gaban wuya yake zama yana bin haɗiyar yawu. Na sha rubutu, na yi turare, na ɗaura laya. Malamin asibitin da ke kusa da mu ya taɓa ya janye hannunsa, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa. Da loma ta fara tsaya mini a maƙoshi sai na duba: mijina ya rasu, ɗiyata Hajo ko tallar fura ba ta isa ɗauka ba. Wani falke mai goro ya ce mini wai a Gwanja, a wani gari Tamale, akwai likita da ke yanka wuya mutum ya tashi, kuma Alhaji Jaɓɓi namu yana can yana saukar baƙi. Yadda na rabu da Hajo ba zan rubuta ba.

A Gaya, wajen ƙetare kogi, wani jandarma ya hango kumburin ta ƙarƙashin gyalena ya ware ni gefe, wai kada in shafa wa mutane. Jirgin fito ya cika ya tafi, ya dawo ya sake cika, ina zaune a rana. Da na gaji sai na tashi na kwance gyalen, na kama hannunsa na ɗora a wuyana. Da abin ya buga masa a tafi sai ya yi tsalle baya yana goge hannun a wando. Da kai ya nuna mini jirgi.

A Fadan Gurma direbanmu ya sauke mu a tasha, ya ce zai je ya ɗauro wani ƙarfe ya dawo. Har yau bai dawo ba. Muka yi ta kwana a rumfar tasha muna jiran motar da za ta yi kudu. Akwai wata mai tuwo a wurin, Bagurmiya, ba ta jin Hausa ni kuma ba na jin nata. Ta lura ina tauna loma in daɗe, in juya baya in tofar. Ba ta tambaye ni ba, da wane baki ma. Washegari ta miƙo mini ƙwarya da kunu tsararo, ta tace shi har babu gudaji ko ɗaya. Kullum haka har motar albasa ta kwashe mu zuwa Bawku. Ban san sunanta ba. Tana cikin addu'ata gaba da mutane da yawa da na san sunayen kakanninsu.

Na shiga Tamale ƙasar ba ta daɗe da sake suna ba. Ko'ina sabuwar tuta, 'yan kamasho suna rataye a bayan motoci suna ihun firidom, wato 'yanci, Turawa kuma ana cewa suna ta naɗe kayansu. Ni ban zo kallon tuta ba. Na tambayi Sabonjida, na tambayi gidan Alhaji Jaɓɓi.

Gida ne babba, zaure kamar masallaci, ɗakuna jere na fatake: masu kora shanu kudu, masu hawa da goro arewa. Ya dubi zanena ya buɗe hannuwa.

"Lale da 'yar'uwa. Gida kika zo. Wanga abu na wuyanki ki ɗauka an cire shi an gama, dokta abokina ne."

Na yi kuka don daɗi. Da yamma na ga matansa, 'yan ƙasar ne, suna dama wani tuwo mai tsami-tsami, fataken kuwa suna ci suna yamutsa fuska. Na ce a ba ni murhu. Na tuƙa tuwon gero irin na gida, na kaɗa miyar kuka da daddawa da busasshen kifi. Wani dattijo Bakabe ya suɗe kwano ya ce rabonsa da irin wannan tun barinsa Argungu. Alhaji yana zaune yana kallo, yana jan casbi.

Wanda bai zauna zango ba ba zai gane yadda aka riƙe ni ba. A zango baƙo ba shi da baki sai na maigidansa. Shi ke kai ka gaida sarkin zango, shi ke shiga maka ciniki, shi ke yi maka tafinta, in ka yi laifi shi ake nema. Ba a tsallake shi a je wani wuri, rashin kunya ne. To ni duk lokacin da na ce masa asibiti fa, sai ya ce dokta ya tafi Kumasi. In na sake, dokta na hutu. In na sake, bari garken nan ya wuce tukuna. Labarin tuwona kuwa ya bi hanya, fataken da ke sauka wasu gidaje suka fara karkatowa gidansa. Damina ta shigo ta fita ina bakin murhu, ina ciyar da ƙattai abin da ni ba na iya haɗiyewa. Ruwa ma ya fara sarƙe ni. In na waiga da sauri sai ƙasa ta juya.

Da na matsa masa, sai ya kawo mini wanzami. Ya ce ai Turawa ba su fi mu sanin wuya ba, mugun jini ne ya taru, a tsaga a sa ƙaho a zuƙe. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, matan gida suka kewaye. Wanzamin ya buɗe zabira, ya wasa aska a tafinsa, ya kama haɓata ya karkatar. Na ji sanyin ƙarfen ya taɓa fata, a ƙarƙashinsa kuma abin yana bugawa kamar zai fito ya tarye shi. Ban yi shawara da kowa ba, na ture hannunsa, na sa ƙafa na kifar da zabirar, ƙahonni suka watse. Alhaji ya ce na kunyata shi. Na ce kunya ana kwana da ita a tashi.

A kasuwa na gamu da Iya Ganiyu. Na je sayen daddawa, ina wucewa ta layin Yarbawa masu kwanonin tasa da fitilu da sabulu, sai na ji wata murya kamar ganga.

"Kai, Bagobiri. Zo nan."

Mace ce gajera mai faɗi, ɗankwalinta ya kusa girman kwando. Hausarta irin ta can ce, mace da namiji duk kai ne.

"Bawana ya shigo gari bai zo gaisuwa ba. Wa ya yage maka baki haka har kunne? Kyanwa?"

Gobirawa da Yarbawa abokan wasa ne tun kaka da kakanni, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma duk abin da aka faɗa ba a fushi. Na san haka tun ina yarinya, sai dai ban taɓa samun Bayarabiya tawa ta kaina ba. Na dubi nata zanen na ce, "Kyanwar da ta yagi naki ce. Ke ta ɗanɗana ta ji ba daɗi ta bari da wuri."

Ta buga cinya. Ta nuna wuyana. "To wannan fa? Ƙwai na ne da ya ɓace jiya. Ɓarawo, ka haɗiye bai wuce ba. Fito da shi."

Tun da abin nan ya fito mini, mutane iri biyu na sani: masu kau da ido da masu cewa wayyo. Ba wanda ya taɓa yi masa dariya. Na yi dariya har ta sarƙe ni, ta zo tana bubbuga mini baya tana zagin Gobir kaf. Daga ranar kullum sai na bi ta layinta. Ta ƙwace mini daddawa ta ce haraji ne, ni kuma in ɗauke mata sabulu in ce zakkar bayi ce.

Wata rana muna cikin haka ta kai hannu ta taɓa wurin da wasa. Dariyarta ta tsaya. Ta bar hannun a kai.

"Dokta ya ce me?"

"Dokta na Kumasi."

"Wane Kumasi? Shekaranjiya ya ɗinke ƙafar mijin ƙanwata. Kullum yana nan. Wa ya gaya maka Kumasi?"

Na tambaye ta hanya, ta nuna mini. Tukunyar Alhaji na kan wuta a lokacin, wake na ciki. Na bar shi ya ƙone.

A asibiti na yini a kan benci kafin a kira ni. Likitan Bature ne dogo, duk ya bushe, wuyansa ja kamar na zakara. Wata nas Badagomba mai suna Fuseina ce ke mayar mini da maganarsa Hausa. Ya tura ƙullutun gefe da gefe, ya gwada sama da ƙasa, ya sa abin sauraronsa ya daɗe yana ji. Ya ga ɗan tabon askar wanzami ya tambaya, na faɗa masa. Fuseina ta ce, "Ya ce da askar ta nutse, da kafin a kawo tsumma kin gama."

Ya aika aka kira wani likita saurayi, ɗan ƙasar, shi ma ya taɓa ya saurara. Sa'an nan ya ɗaga yatsunsa biyu ya ware su kamar gwafa. Fuseina ta ce babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa a daidai nan take rabuwa biyu, tsiron kuma a cikin gwafar ya zauna, daga jijiyar yake sha, shi ya sa yake bugawa. In an bar shi ba zai fashe ba, a hankali zai ci gaba da matse maƙoshi. In an yanka, jini na iya ɓallewa ya fi ƙarfin hannunsa. In kuma tilas ta sa ya ɗaure babbar jijiyar, ɓarin jikina na iya shanyewa. Bayan haka zaruruwan da ke motsa harshe da murya ta nan suka ratsa. Ya ce ya taɓa yin irin wannan aiki, kuma ba duk waɗanda ya yi wa suka tashi ba.

Na ce, "Tambaye shi, da uwarsa ce zai yanka?"

Fuseina ta zare mini ido. Na ce ta tambaya. Ya dubi wuyan, sa'an nan ya amsa. Da ƙarami ne, kuma uwar tasa ta tsufa, zai bar shi. Wannan ya fara hana abinci wucewa, ni kuma da saurana. Zai yanka. Amma ba zai ɗauki wuƙa ba sai ya ga kwalaben jini a ajiye a gefensa, kuma asibiti ba ta da rumbun jini. Ƙa'idarsu mara lafiya ya kawo danginsa, a gwada, wanda nasa ya dace a ɗiba. Kuma in hanzarta, don aikinsa a ƙasar ya ƙare, kafin azumi zai tafi gida. Na dubi saurayin likitan. Ya gane tambayar, ya ce da bakinsa cikin Hausa mai tsami, "Mma, ni ban taɓa yi ba tukuna. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Na koma Sabonjida na tarar da zaure cike. Ban jira a kira ni ba, ban durƙusa ba. Alhaji ya fara da wake da ya ƙone da tsallake shi da na yi. Na bar shi ya gama, sa'an nan na faɗi abin da likita ya ce, a gaban kowa, na ce ina roƙon jini.

Wani ya ce shi ya ji in an ɗebi jinin namiji ƙarfinsa ba ya dawowa, kuma yana da amarya a Jega. Wani ya ce Turawa tara shi suke yi su tafi da shi tunda an kore su. Wani mai rawani ya ce sai an duba littafi tukuna a ga ko ya halatta. Duk ban damu da su ba, baƙi ne, gobe suna hanya. Alhaji nake kallo. Da ya miƙe ya naɗe hannun riga, da rabin zauren ya bi shi, don maganar maigida ita ce magana.

Ya ja casbi ya ce, "Kulu, ai dangi aka ce. Ni da ke gari muka haɗa."

"Tuwon da na yi damina ina tuƙa maka fa, na dangi ne ko na gari?"

"Ba a ɗaga mini murya a gidana."

Na ɗaga ta. Allah ya ba ni murya, a gida daga bakin rijiya nake kiran Hajo ta amsa daga fadama. Na ɗaga ta har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Amma fushi ya sha kaina, na yi ta zagi ban jera magana ba, aka ce ciwo ne ya taɓa mata kai, matansa suka ja ni ciki. Da na san faɗana na ƙarshe ke nan da cikakkiyar murya, da na yi shi a tsanake.

Na bi gidajen mutanenmu ɗaya bayan ɗaya, Sabonjida da Tishigu, Gobirawa da Zamfarawa da Kabawa. Na samu addu'a mai yawa. Na samu goro, wanda ba na iya taunawa. Wani tsoho mai ɗinkin takalma, mutumin Tsibiri, shi kaɗai ya ajiye basillarsa ya bi ni har asibiti. Fuseina ta dubi hannunsa, fata da ƙashi, ta ce Baba koma gida, kai ma nema kake. Ya fito yana ba ni haƙuri kamar shi ya yi mini laifi. Watan azumin tsofaffi ya kama, ya fara nisa. Fuseina ta ce mini an fara kwashe akwatunan likita.

Sai na yanke shawara in koma gida. In mutuwa ce, gara ta same ni inda Hajo za ta san kabarina. Na ɗauki wani ɗan kwanon tasa da na taɓa ƙwacewa a rumfar Iya Ganiyu na kai mata, don kada in tafi da kayan mutane.

"Bawa ya tuba ya kawo kayan sata," in ji ta. "Ina ka shiga kwana da kwanaki?"

Na faɗa mata, a gajarce, ba da wasa ba. Ta saurara tana kaɗa ƙafa.

"Ka tambayi Sabonjida. Ka tambayi Tishigu. Ni ba ka tambaye ni ba."

"Dangi aka ce, Iya."

"Dangi. In akuya na ya yi ciwo, danginsa awaki ne za su kai shi magani, ko ni mai shi?" Ta tura mini kwanon da ƙafa. "Ɗauki abinka. Kana so ka je Gobir ka mutu ba izini na. In ka mutu wa zan zaga a kasuwan nan? Dagomba ba su iya ramawa."

Na ɗauka cikin wasan ne. Na ce mata to, uwar bayi, sai ki zo da jinin naki mai manja. Na tafi.

Da safe na biya asibiti in yi wa Fuseina sallama, sai na hango jerin huluna a baranda. Ganiyu ne, babban ɗanta, ƙato mai gyaran keke, da ƙannensa, da 'ya'yan 'yan'uwanta, da wasu teloli biyu da aka taso daga kan keken ɗinki, zare na rataye a wuyansu. Iya na gaba ta riƙe ƙugu. Fuseina ta tambaye ta me suke da ni.

"Bawanmu ne."

"Mma, ba zan iya gaya wa dokta haka ba. An daina wannan."

"A Gobir ba a daina ba. Tambaye shi."

Na ce, "Ƙarya take yi, kakana ne ya sayi kakanta da ƙwaryar gishiri, har aka yi masa gyara."

Fuseina ta dube ni, ta dube ta, sai ta yi murmushi. Ta ce su ma haka suke da Mosawa, in Bamoshe ya mutu har rami suke shiga su hana binnewa sai an biya su. Ta shiga ta ce wa likita dangi sun zo.

Iya ce ta fara miƙa hannu, tana kallon rufi tana zagina. Ganiyu da ya ga allura sai ya sulale daga kan kujera, ƙato guda a ƙasa, aka yi ta yi masa fifita. Da ya farfaɗo uwar ta ce ya koma ya zauna, ya koma. Ba na kowa ya dace ba, amma an samu abin da likita ya nema.

Ranar aikin abin da na riƙe kaɗan ne: fitila mai zafi a saman kaina, wani abu mai wari da aka kifa mini a hanci, da sunan Hajo da nake ta maimaitawa. Na farka rana ta karkata, wuyana a naɗe kamar gammo, amai na taso mini. Fuseina ta sa yatsunta a hannuna na dama ta ce in matse. Na matse. Ta ce in motsa ƙafa. Ta motsa. Ta juya ta yi wa wani magana a bayana, na ji likitan ya saki numfashi. Ni kuwa wani abu nake saurare. Na kasa kunne ta hagu. Shiru. Mai sheƙar geron nan da ya yi shekaru a bayan kunnena ya tattara ya tafi.

Daga baya ya nuna mini shi a cikin kwalba, jajaye-jajaye baƙi-baƙi kamar ƙodar akuya. Ya ce ya manne wa jijiyar, sai da ya riƙa ɓanɓare shi kaɗan-kaɗan, jini na zuba ana mayarwa, har kwalbar ƙarshe ta ƙare. Babbar jijiyar ta tsira. Na buɗe baki in ce masa madalla. Iska ce ta fito.

Zaren murya ɗaya a cikin tsiron ya nutse, ba yadda za a raba su, tare suka fita. Harshena ma ya karkace hagu, in na sha ruwa sai na sunkuyar da kai na juya shi gefe kafin ya wuce. Harshen ya miƙe bayan watanni. Muryar kuwa likita bai ɓoye mini ba: za ta ɗan dawo, a dishe, amma kira daga nesa ya ƙare. Haka aka yi. Har yau in ina magana sai an matso. Na kwanta a gadon nan ina tunanin ranar da zan isa gida in tsaya bakin rijiya, in ga Hajo can a fadama, in kasa kiranta. An ba ni raina, na sani, na kuma gode wa Allah. Amma a kwanakin nan ban iya murna ba.

Iya na zuwa kullum da koko a tace. Ran nan na kama hannunta na motsa baki ina son in yi godiya. Ta fizge.

"Kada ka ɓata mini suna. Mai akuya ya yi wa akuyansa magani, sai akuya ya ce an gode? Sha koko. Yanzu jinin Yarbawa na jikinka, wataƙila ka fara hankali."

Ana gobe za a sallame ni, bayan la'asar, sai ga Alhaji Jaɓɓi cikin babbar riga, da lemo a ƙunshe, da fatake biyu 'yan wajenmu da za su hau arewa a makon. Ya tsaya a kan gadona yana magana yadda duk ɗakin zai ji.

"Kun gan ta nan, 'yar'uwata ce. Tun daga Gobir ta zo hannuna. Na ce mata dokta abokina ne, ga shi kuwa Allah ya yi. In kun isa gida ku shaida wa mutane mun riƙe amana." Ya sunkuyo. "Ɗakinki na nan, Kulu. Murhu ma ya yi kewarki."

Fataken suna ta sa masa albarka. Na yunƙura na tashi zaune. Na tara duk abin da ke ƙirjina na buɗe baki, ɗinkin wuyana har yana ja. Abin da ya fito bai kai kukan ɗan tsako ba. Ya ce, "Allah sarki, godiya take yi. Ba komai, yi wa kai ne." Ya ajiye lemon ya fita. Wannan labarin ne zai riga ni isa gida, shi Hajo za ta girma tana ji, shi kuma zai sa wata mai ciwo ta ɗauro kayanta ta nufo gidansa.

Iya ta shigo ta same ni fuska jiƙe. Ba ta taɓa ganin haka ba, ko ranar jini. Ta ajiye kwano ta kawo kunnenta bakina. Na raɗa mata. Don ta tabbatar ta ji daidai sai ta maimaita, da muryar nan tata da ba ta san ƙasa-ƙasa ba.

"Ya ce shi ne ya kawo ka wajen dokta? Mutumin da ya ce Kumasi?"

Duk ɗakin ya waigo. Wata tsohuwa a gadon ƙarshe, can bakin ƙofa, ta ɗago kai ta ce wane ne ya ce Kumasi. Na dubi nisan da ke tsakanina da gadon nan. Na dubi bakin Iya. Hawayena suka tsaya.

Washegari da hantsi aka sallame ni. Ganiyu ya zo da uwarsa zai kai ni gidansu a Sakasaka, an share mini ɗaki. Na girgiza kai, na kama bakin zanen uwarsa na ja ta muka yi Sabonjida. Ina tafe ina hutawa. Mun isa daidai lokacin da zaure ke cika, fatake na zaune suna jiran koko, mutanen nan biyu masu hawa arewa suna ciki, Alhaji na kan buzunsa. Tukunyata da tabarmata suna cikin gidan, zan karɓa, amma ba su na fara zuwa nema ba.

Muka tsaya a bakin ƙofa. Iya ta sake ɗaure ɗankwali, ta gyara tsayuwa, ta yi gyaran murya har wani ya zubar da shayinsa.

"Faɗa, bawa. Kada ka rage komai. Ni ma zan ƙara nawa."

Na raɗa mata, "Kada ki ƙara. Nawa ya isa."

Na jawo kunnenta kusa da bakina, na fara tun daga yammacin da na tuƙa tuwon farko.